Rabin Gudun da Muka Ɓoye wa Malam

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Birnin Kebbi, mu huɗu, a cikin tsohuwar motar wani abokinmu ma'aikacin gwamnati, motar da sai an lallaɓa ta take yarda ta tashi. Shi ke tuƙi, ni ina gefensa. A baya akwai wani ɗan kudu mai shagon kayan lantarki a kasuwa, wanda ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu kaifi, sai kuma Malam. Ku riƙe Malam, domin saboda shi nake wannan rubutu. Tsohon malaminmu ne na koyon sana'a a sakandare, ya yi ritaya, shi ya fara ɗora mini sukudireba a hannu, kuma shi ya kafa 'yar ƙungiyarmu ta masu tseren motocin rimot.

Na san wasu cikinku har sun fara murmushi. E, magidanta ne mu, wasunmu da furfura, kuma duk Lahadi da yamma muna tsaye a fili muna tsere da 'yan motocin da ba su wuce kamu biyu ba. Ku yi dariyarku, mun saba. Matata ma da ta ga ina naɗe tawa a cikin tawul kafin in sa ta a kwali, cewa ta yi ko ranar da muka kai jaririyarmu rigakafi ban yi wannan tattalin ba.

Sana'ata naɗin koyil ce, fanka da famfon ban ruwa da duk abin da ke juyawa da wuta, don haka bari in yi muku bayani a taƙaice. Injin da ke cikin motocin nan iri biyu ne. Akwai tsohon yayi, mai gawayi, wanda 'yan dunƙulen gawayi biyu ke gugar sandar da ke juyawa suna ba ta wuta. Yana da araha, yana saurin zafi, gawayin yana cinyewa, amma duk mai hannu zai iya buɗe shi ya gyara. Akwai kuma sabon yayi, marar gawayi, wanda wani ɗan akwatin lantarki ke sarrafawa. Wannan tsada gare shi, gudunsa kuwa, wallahi ba a magana. Mutanen Argungu suna da ƙungiya irin tamu, su suka gayyace mu, a yi tsere, sannan a zauna a yanke magana guda: idan ƙungiyoyin biyu za su riƙa haɗuwa, shin mai gawayi da marar gawayi layi ɗaya za su shiga, ko a raba su?

Malam ya riga ya yanke tasa tun daga gida. A haɗa. Hujjarsa kuwa shi da kansa ne. Shi kaɗai ya rage da mai gawayi a cikinmu, amma a shekarar nan sau biyar yana zuwa na ɗaya. Abin da bai sani ba, wanda kuma ya hana ni barcin kirki kafin tafiyar, shi ne akwai wani ɗan makunni a jikin kowane rimot da ke rage gudun mota zuwa rabi. An yi shi ne don masu koyo. Ranar da sababbin motocinmu suka iso, mun je mun gwada su Malam ba ya nan, muka ga yadda suke tsaga fili, muka tsaya muna kallon juna. Ɗan kudun nan ne ya fara magana, ya ce, "Wannan ba za mu yi wa Baba Malam shi ba." Ya tura makunninsa rabi, kowa ya tura nasa. Ba mu ƙara tayar da maganar ba, shekara guda cur. Kara muka ɗauka muna yi, irin wadda aka rene mu da ita, cewa ba ka sha gaban babba a bainar jama'a.

Shirin da muka tafi da shi Argungu kuwa, in na tuna sai kunya ta kama ni. Wai za mu bar namu a rabi, mu yarda a cinye mu, in motocin Argungu suka wuce Malam mu ce nasu wani iri ne na daban. Shirin banza, amma manyan mutane uku suka zauna suka ƙulla shi.

Gari ya fara wayewa muna isa Ambursa. 'Yan kabu-kabu sun riga sun cika bakin hanya, kowa da ma'aikaci ko ɗan kasuwa a baya, sun nufi birni, mu muna fita. Muka tsaya wajen wata mai ƙosai. Jama'a, ƙosai ya rame. Wanda a da ake ci biyu a sha ruwa, yanzu sai ka jefa uku a baki kafin haƙori ya san an zo. Kunun dai ba laifi, da zafinsa da tsaminsa. Daga nan hanya ta miƙe, fadama a gefe kore shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa suna ta kuka tun da sassafe. Ni da yake aikina ne, kunnena ba ya hutawa, ina jin wanda ke da lafiya da wanda ya kusa kai mai shi ƙara. Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma direbanmu sai ya yi ta kauce-kauce, duk ramin da muka faɗa sai mu huɗu mu waiga baya wajen kwalaye a tare.

Malam kuwa tun daga Ambursa yake karatu. Yana cewa tsere a hannu yake ba a aljihu ba, wanda ya iya shiga kwana ya fi wanda ya iya sayen inji. Gaskiya ce ya faɗa, har wani wuri. Muna ta "haka ne Malam, haka ne Malam." Na leƙa madubi na ga ɗan kudu ya juya fuska waje yana kallon shinkafa kamar yau ya fara ganinta.

Warin albasa ne ya fara yi mana maraba da Argungu. Lokacin cirarta ne, an tsiba ta a bakin hanya, ana ɗinke buhuna, manyan motoci suna jira. Wani mai babur ya zo ya ja mu har bayan gari, kusa da gulbi, inda filinsu yake. Filin ya burge ni. Masussuka ce, inda suke bugun shinkafa, ƙasar ta daddale ta yi tauri. Sun zagaye ta da tsofaffin tayoyin babur, a kowace kwana kuma sun jera buhunan taki cike da yashi. Wani yana bi da bokiti yana yayyafa ruwa, daidai yadda ake yi wa irin albasa, don taya ta samu abin kamawa.

Shugabansu manomin albasa ne, ƙaton mutum mai faɗin murya, in ya gaishe ka sai ka duba yatsunka. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ba Malam kujera, mu aka nuna mana tabarma. Su goma sha wani abu ne, manoma da masunta da wani tela, kuma yawancinsu mai gawayi suke da ita. Na zauna ina duba motocinsu, abin ya taɓa ni. In gawayin mutum ya cinye, ba ya jiran a kawo masa daga Legas, na tsohon janareta yake samu ya goge shi a dutse har ya yi daidai. Wani ya ɗaure wa injinsa guntun gorar ruwan sanyi ta alminiyam don ya sha iska. Uku ne kawai cikinsu ke da marar gawayi.

To, suna da wata al'ada da ba mu san da ita ba. Kafin a fara, kowa zai ajiye rimot ɗinsa a kan tabarma, shugaba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya duba, wai don kada baƙo ya koma gida ya ce an cuce shi. Da nawa ya fara. Ya juya shi, ya ajiye, ya ɗauki na direba, ya ɗauki na ɗan kudu. Sai ya ɗaga murya yadda har masu wanki a bakin gulbi za su ji.

"Kai, baƙi! Mi na wanga? Duk kun ɗaure motocinku ga rabi. Hilinmu kunka raina, ko mu kunka raina?"

Yana dariya yake faɗa, bawan Allah, bai san komai ba. Ya bi su ƙas, ƙas, ƙas, ya mayar da su cikakken gudu. Malam ya tashi daga kujera, ya zaro tabarau daga aljihu, ya ɗauki rimot ɗina. Inda makunnin ya zauna shekara guda ya fito fes, sabo, gefensa kuma duk datti da maiƙon hannu. Mutumin da ya shekara talatin yana duba aikin ɗalibai ba sai an yi masa bayani ba. Ya daɗe yana kallo, ya duba sauran biyun, ya ajiye su a hankali. Bai kalle ni ba. Ya ce wa shugaban, "A bar su haka. A haɗa mu duka, mu gani."

Zagaye goma aka yi, mota goma sha biyu. Ana busa usur marasa gawayi suka ɓace, suka bar sauran suna tari. Abin dariya, mu 'yan Birnin Kebbi hannunmu ya manta cikakken gudu. Kwanar farko na yi cikin taya, ɗan kudu ya hau buhun yashi ya kife, sai da aka ɗaga masa. A zagaye na uku motar direbanmu ta sami ta wani masunci daga baya a miƙaƙƙen layi, ta ɗauke ta sama, tayar gaba ta yi nata wuri. Masuncin ya tsaya riƙe da rimot, bakinsa a buɗe. Daga baya na ji cewa wata biyu ya yi yana harhaɗa motar nan.

Malam kuwa, ban taɓa ganin ya yi tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Ko taya ɗaya bai taɓa ba, duk kwana yana shigarta a tsanake ya fita a tsanake. Duk da haka sau huɗu ana zagaye shi. Ni ma, da duk haukan da na yi, na iso bayansa zan wuce, sai na ji yatsana yana sassautawa da kansa, ya saba. Muna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Bai juyo ba, ya ce, "Wuce." Na wuce, kuma ban taɓa jin zafin wuce mota irin na wannan lokacin ba.

Bayan azahar aka kawo abinci ƙarƙashin wani dogon yaro. Tuwon shinkafa da miyar kuka, ga kifi an soya an tsiba a faranti, tarwaɗa da ƙarfasa, ɗanye ne da aka kamo da safiyar. Wanda bai ci kifi a bakin gulbin Argungu ba, kada ya yi mini gardamar kifi. Mu a birni abin da ake sayar mana da tsada, nan shi ake ba yara su tafi su ba mutane wuri. Amma ranar ko ɗanɗanonsa ban ji sosai ba. Ina satar kallon Malam, yana ci a natse, yana cire ƙaya, yana amsa hirar wani dattijon masunci da ya zauna kusa da shi.

Aka wanke hannu aka shiga maganar da ta kawo mu. Tela ya ce a haɗa, domin duka-duka mu nawa ne, in aka raba kowane ɓangare zai zama kamar zaman makoki. Mai motar da aka karya ya ce shi bai ƙi haɗuwa ba, amma duk wanda ya sake hawa kansa zai san cewa masunci ma yana da zuciya. Aka yi dariya, direbanmu ya sunkuyar da kai ya ce shi zai kawo masa tayar. Shugaban ya kawo shawarar a haɗa amma a ba masu gawayi rata, su fara zagaye biyu ko uku kafin a saki sauran. Nan gardama ta kaure a kan biyu ne ko uku, ko a duba tsawon fili, ko a duba zafin rana tunda mai gawayi yana gajiya in ya yi zafi. Wani kuma ya ce ai ga mafita a hannun baƙi, a tilasta wa kowane marar gawayi ya sa rabi, shi ke nan an yi daidai. Ya faɗa ne da zuciya ɗaya. Ni dai ji na yi kamar in shige cikin tabarma.

Ina da ra'ayi a kan maganar, amma ba ni da bakin faɗa a wurin. A nan zan faɗa. Ba laifin inji ba ne, kowanne yana yin abin da aka ƙera shi ya yi. Matsalar ita ce in ka sa su layi ɗaya, mai sauri ba shi da zaɓi sai biyu, ko ya taka na gabansa, ko ya yi masa ƙarya. A Argungu mun ga na farko da idonmu, taya ta tashi sama. Na biyun kuwa mu muka shekara muna yi, kuma ya fi muni, domin karyayyar taya kowa yana ganinta ya ce sannu.

Malam ne ya yi magana a ƙarshe, da yake shi ne babba. Ya ce da ya taso daga gida ra'ayinsa a haɗa ne, kuma yana da hujja, amma hujjar ta mutu a kan tabarmar can. Ya ce rata sadaka ce, rabin gudu ma sadaka ce, shi kuwa bai zo fili neman sadaka ba. A raba. Mai gawayi ya nemi mai gawayi, in ya ci ya san ya ci, in an cinye shi ya san wanda ya cinye shi. Mutanen Argungu suka ce madalla, suka ɗauka dattijo ne kawai ya yi hangen nesa. Mu uku ne muka san inda maganar ta dosa. Aka ɗaga hannu, rabawa ta yi rinjaye.

Bayan la'asar aka yi tseren masu gawayi zalla, mota bakwai. Jama'a, a nan na ga tsere. Babu wadda ta ɓace wa wata, duk a dunƙule suke tafiya, kana jin ƙaurin gawayi yana tashi. Malam da dattijon masuncin nan suka kama juna a kan na uku, wannan ya shiga gaba a kwana, wancan ya ƙwace a miƙe. Hular Malam ta karkace, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, har na ji yana cewa "kai, kai, kai" shi kaɗai. Shekara guda rabon da in ga ya yi gumi a fili, ban ma lura ba sai ranar. A zagayen ƙarshe masuncin ya tsere masa da abin da bai fi tafin hannu ba. Malam ya zo na huɗu. Suka tafa, dattijon ya ce mishi, "Wani wata ka dawo, Malam, ban gama da kai ba."

Kafin mu fita gari muka tsaya muka sayi albasa da busasshen kifi, don wanda ya je Argungu ya koma hannu biyu ba zai sha ruwa a gidansa ba. Albasar da araha ƙwarai, har ɗan kudu ya fara tunanin canza sana'a. Wannan ce kaɗai dariyar da aka yi a hanyar dawowa. Rana ta yi sanyi, manoma suna fitowa daga fadama da tiyo a kafaɗa, muka wuce Ambursa. Direba ya kunna rediyo, ya sake kashewa.

A cikin shirun nan na yi ta juya abin da tafiyar ta koya mini. Na fita da tunanin muhawarar inji za mu je yi. Na dawo na gane cewa ladabin da muka yi wa Malam, kanmu muka yi wa, don kada mu ga fuskarsa in an wuce shi. Da mun gaya masa gaskiya tun ranar farko, da ya yi fushi na mako ɗaya, ko ya sayi sabuwa, ko ya nemo abokan yinsa kamar yadda ya same su yau. Mu muka zaɓar masa, ba mu tambaye shi ba. Wannan ba girmamawa ba ce, ko da kuwa da sunanta muka yi.

Ana kiran magariba muka tsaya a ƙofar gidansa. Na fita na ɗauko masa kwalinsa da ƙullin kifinsa. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma kada ka yi mini kara," in ji shi. "Cikin biyar ɗin nan da na ci, wanne ne nawa?"

Na tsaya ina tunani, da gaske nake tunanin. Akwai ranar da ya yi tuƙin da ko a cikakken gudu wataƙila da ya ba mu wahala. Akwai ranar da aka yi yayyafi duk muka yi ta santsi shi bai yi ba. Amma duk a rabi muke. Babu yadda za a yi in sani, babu yadda za a yi shi ma ya sani.

Na ce, "Wallahi Malam, ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. "Ka gani ko? Ko ɗaya ba ku bar mini ba." Ya karɓi kwalin daga hannuna, ya gyara shi a hammata. "Na huɗun nan na yau dai nawa ne. Ka gaida gida."

Ya shiga, ya tura ƙofa. Na koma mota, sauran biyun suna kallona, suna jiran in ce ya haƙura. Na ce wa direba mu tafi, za mu rasa jam'i.